Gurbin Akushi

Ranar da Shekarau magini ya zo duba shigifar,
bai ce uffan ba sai da ya ƙwanƙwasa azara da ƙotar gatari.
Gari ya zubo masa a hula.
Ya ce, "Gara ta riga ku cin tuwo a ɗakin nan,
kuma ko hannu ba ta wanke ba."

Nan muke ci, mu goma sha ɗaya,
tun kakanmu Haladu na da haƙoran tauna ƙashi.
Akushi ɗaya na manya, kwano biyu na yara,
buta a bakin ƙofa,
da wata wake-waken kaza da ba ta jin kora.

Muka yaye rufin bayan gero ya shiga rumbu.
Rana ta faɗo ciki, karon farko cikin shekara sittin,
ta tona duk asirin da duhu ya rufa mana:
baƙin hayaƙi a saman alkuki,
gidan zanzaro uku,
da layin maiƙo daidai tsayin ɗan shekara bakwai,
inda muke goge miyar kuka
in Gwaggo Kuluwa ta juya baya.
Na gane nawa. Shi ne mai karkataccen ƙaramin yatsa.

A bangon gabas akwai wani santsi,
faɗin bayan mutum guda.
Ba makuba ce ta yi shi ba, Haladu ne.
Nan yake jingina in ya tsame hannu da wuri,
ya ce ya ƙoshi,
ya turo mana ragowar da ƙafar hankali.

Ni kuwa da lissafi na zo daga birni:
siminti buhu tara, kwanon rufi bandir biyu,
tayil mai ruwan madara,
da teburi da kujeru shida
da aka ɗaure a saman motar kasuwar Aujara,
ƙafafu sama, kamar tumakin sayarwa.

Da aka zo fasa daɓe, Shekarau ya dakata a tsakiya.
Ɗan kwarmi ne, bai fi tafin hannu ba.
Gindin akushi ne ya ci shi,
dare bayan dare, ba da diga ba.
Ya dube ni. Na dubi buhunan siminti.
Na ce, "Fasa."
A ƙarƙashi muka tsinci kwabo mai huji,
wanda aka taɓa zane yayana Barau a kan ɓatansa.
Na sa a aljihu. Ba ni da inda zan kai masa.

Inna Tasallah ta zo ranar da fenti ya bushe,
ta shafa teburin kamar mai tayin saniya.
Ta ƙirga kujeru da haɓa.
"Shida? Sauran biyar ɗin a tsaye za su ci?"
Na buɗe baki in ce ai yanzu ko shidan ba mu kai ba:
biyu na Legas, ɗaya na Agadas,
sauran suna bayan gari ƙarƙashin adua.
Sai na rufe.

Da magariba ta yi, ita ce ta shimfiɗa tabarma
a gefen teburin.
Teburin ya samu aikin riƙe rediyo da wayoyi.
Aka kawo tsohon akushi, ya ƙi zama.
Duk wanda ya gutsura, sai ya sulale,
yana yawo yana neman gurbinsa,
har 'yata Hansatu ta tokare shi da gwiwa.

Muka ci. Tuwon dawa bai san an yi gyara ba.

Da aka gama, na hango ta ta wutsiyar ido
ta matsa jikin sabon bango, fari fat,
hannunta sharkaf da miya.
Na tuna kuɗin fenti. Na tuna Gwaggo Kuluwa,
da yadda kullum take samun abin dubawa a tsakar gida.

Sai na juya baya,
na shiga neman buta.