Kwalin da Aka Aiko daga Manila

Ran da Fasto Abundio ya danƙa mini mabuɗi
bai yi dogon jawabi ba:
"Leonora, matasan nan naki ne. Kabad na bayan mumbari."
Na buɗe. Gita mai tsirkiya huɗu,
ƙwallon kwando da iska ta yi wa ƙaura,
da kwali daga Manila, ko igiyarsa ba a kwance ba.

A ciki, littafin jagora, darasi hamsin da biyu,
kowane mako da nasa, kamar maganin asibiti.
Wasan sabo da juna: a hura balan-balan ashirin.
A haska hoto a bango da majigi.
Mu da wutar Guiuan ke zuwar mana kamar suruki mai kunya,
ta leƙo, ta gaisa, ta koma.

A kasuwa na haddace darasin farko,
ina juya busasshen kifi ina bita.
Asabar ta yi, mutum bakwai suka zo.
Renante ya shigo da ƙarnin teku a rigarsa,
tun ukun dare yake kan kwalekwale;
kafin in kai aya ta biyu ya yi nisa a bencin baya.
Littafi ya ce a tashi mai barci da tafi da raha.
Na ninke tawul, na yi wa matashi matashin kai.

Crisanta kuwa idonta na kan waya.
Littafi ya ce a tattara wayoyi a kwando.
Uwarta na goge daɓen wasu a Hong Kong,
ƙarfe huɗu kaɗai ake barinta ta kira.
Wa zai sa uwa a kwando?
In ta yi ƙara sai mu yi tsit,
har muka saba cewa, "Ki gaida Nanay."

Mako na sha tara Jhunrey ya yi magana,
shi da ba ya zama, ƙofa yake jingina.
"Ate Leonora, daren da teku ya hau gari
ya fizge ƙanwata daga bayan babana,
ina Ubangijin yake?"
Na san shafin. Amsa uku, an jera da lamba,
har da inda aka ce in yi murmushi.
Na ɗora yatsa a kai, yatsan ya ƙi tafiya.
Na ce, "Ban sani ba.
Ni ma a daren mijina ya tafi,
takalminsa ɗaya na tsinta a kan bishiyar kwakwa.
Ina zuwa nan ne in ci gaba da tambaya
a inda nake zaton ana ji."
Bai ce uffan ba. Ruwa na ɗiga a bokiti.

Mako na gaba ya shigo, ya zauna,
da tsirkiya biyu da ya yanko daga igiyar fatsa.

Ban raina kwalin ba, kada a ji ni a karkace.
Wanda ya rubuta da zuciya ɗaya ya yi:
darasi na talatin ya sa mu hawaye,
taswirar bangon baya Crisanta ta manna a allo
ta sa ɗigo inda uwarta take.
Sai dai mai yanka rigar bai ga mai sawa ba,
ni ce telar, ina ragewa, ina ƙari.

Ƙarshen shekara takardar cikewa ta zo.
Yawan matasa? Sha ɗaya; huɗu in kifi ya taso.
Nawa suka tuba? Na bar gurbin fari,
ba ni ke riƙe da wannan rajista ba.
Waɗanne kayan aiki kuke buƙata?
Na tauna biro, na dubi sama.
Kwanon rufi biyu. Shinkafa buhu ɗaya,
don aya ba ta zama a cikin da ke kuka.
Da benci mai tsawo, na ƙara daga ƙasa,
Renante ya miƙe bana, ƙafarsa na reto.