Inyawara a Rufin Ɗakina

Tantabara goma sha ɗaya gare ni bisa soro,
a Birni, inda inuwar dutse ke faɗo mana bayan la'asar.
Ran Talata na ƙirga tara.
Ran Alhamis bakwai, da gashi a bakin indararo.

Magaram ta ce ɓera ne.
Na ce ɓera ba ya cire kai ya bar gangar jiki.
Na kwana tsakar gida da cocila a hannu,
sai ga ta kan katanga, doguwa, mai ɗige-ɗige,
wutsiya zobe bisa zobe.
Inyawara.
Ta dube ni kamar ni ne baƙon.

Gonda maƙwabcina ya ce,
"Guba ta dala ashirin a Kasuwar Dole,
cusa a hanjin kaza, ka yi barcinka."
Na saya, na sa aljihu.
A zaure na iske jikata tana rarrafe,
wadda kome ta tsinta sai bakinta ya shaida.
Aljihun ya yi mini nauyi.

Ofishin gandun daji, fanka ba ta juyi.
Ajidan Kanta, tabarau ɗaure da zare,
bai ɗaga kai ba sai da na ce guba.
"Ajiye ta nan.
Naman daji ba naka ba ne don ya kwana gidanka.
Ban da guba, ban da tarko mai haƙori.
Keji mai ƙofa zan ara maka, sa hannu a nan.
Ka duba shi da asuba, kada rana ta same ta ciki.
Ka ba ta ruwa."
Na ce, "Ruwa? A Damagaram?
Jarkar da nake saye in shayar da ɓarauniya?"
Ya ce, "Ko ɗan kaso ana ba shi.
Kuma kada in ga fatarta wurin masu magani."

Dare biyu ta ci kifin ta bar mini kejin.
Na uku ƙofa ta faɗa, ƙarar har cikin mafarkina.
Na zo da fitila da zagi cike da baki,
sai na ga cikinta: nono a kumbure.
Can sama, tsakanin azara da azara,
wani abu na kuka siriri kamar ƙofar da ba mai.

Biyu ne, ido bai gama buɗewa ba.
Magaram ta sauko da su a hular jikarmu,
ita da ke cewa a kashe.

Ajidan ya zo da babur, ya rubuta uku a takarda.
Muka bi hanyar Mirya har gidaje suka ƙare,
ya aje kejin gindin duwatsu, ya ja ƙofa da igiya.
Ba ta gode ba.
Ta ɗauki ɗaya a baki, ta ɓace,
muka tsaya shiru har ta dawo ɗaukar na biyu.

Ramin rufi na toshe da laka da fasassun kwalba.
Gonda har yau dariya yake: an ci ni huɗu, na biya da ruwa.
Ni dai kowace safiya ina hawa soro.
Bakwai.
Jiya ɗaya ta yi ƙwai.