Dubiya a Dilimi

Mun sauka ta bayan Gangare da hantsi,
ni da Kangyang, takalman roba har gwiwa,
ita da littafi da kwalabe goma sha biyu,
ni da rariya da farin faranti.
Mai tuyar awara a bakin gada ta leƙo:
"Kuza kuke nema, ko kuɗi ne suka faɗi?"
Na ce mata dubiya muka zo.

Rafi ba shi da bakin cewa ga inda ke mini ciwo.
Sai ka ɗaga dutse ka duba cikinsa,
yadda likita ke jan fatar ido.
Dutsen farko santsi ne da baƙar gansakuka.
Na biyu, jajayen tsutsotsi sirara kamar zaren tela,
irin masu gaje gida idan kowa ya tashi.
Na uku ledar ruwa ce ta rungume shi,
da rabin batir, da wari.

Kangyang ta tsoma na'ura, ta jira lamba ta tsaya.
Ta ciro, ta goge, ta sake tsomawa,
wai ko na'urar ce ba ta gama farkawa ba.
Lambar ta ƙi motsi.
Iskar da ta rage a ruwan nan
ba ta isa tarwaɗa ta yi hamma ba.

Baba Sallau na can yana bugun wanki,
dutsen ya lotsa daidai inda hannunsa ke sauka.
Ya kira mu, ya cire silifa,
ya nuna tabo a babban yatsa.
"Ƙaguwa ce, shekarar da na fara sana'a.
Na zage ta, na zagi uwarta.
Yau da zan gan ta,
wallahi sai in miƙa mata ɗaya ƙafar."
Takardarmu ba ta da gurbin tabo.
Kangyang ta rubuta shi a gefe, da ƙananan baƙaƙe.

Muka bi ruwan sama, muna ƙirga bakunan lambatu.
Wajen wankin mota, baƙin mai ya shimfiɗa bakan gizo.
Bayan gidaje, bututu na tari.
Can ƙasa kuma injin ban ruwa na kuka,
yana ɗaga wannan ruwan zuwa kan kabeji da latas.
Abin da muka watsar da safe
ya san hanyar kwanonmu da dare.

La'asar ta same mu a tasha ta ƙarshe,
inda wani ɗan ido ke tsattsafowa daga tsagin dutse,
siriri, da sanyi mai shiga haƙori.
Bayana ya gaji. Na ɗaga dutse don cika ƙa'ida kawai.
Sai ga wani ɗan ƙwaro, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba,
ya gina wa kansa ɗaki da ƙwayoyin yashi,
yana jan ɗakin a bayansa.
Irinsa ba ya kwana a ruwan da ya mutu.

Ƙa'ida ta ce a jefa shi a kwalba,
a kai shi ɗakin bincike ya ba da shaida.
Kangyang ta buɗe murfi. Ta dube ni.
Na dubi farantin, shi kaɗai a tsakiyar fari.
Ta mayar da murfin.
Na ajiye dutsen yadda na same shi, fuskarsa ƙasa.
A takarda muka rubuta: ɗaya.

Da muka hau gada, mai awara na kwashe kaskonta.
"To, ya mai jiki?"
Na san amsar da aka saba bayarwa,
ko da an ga ana haɗa ruwan wanka.
Ban ce da sauƙi ba.
Na ce mata, yana numfashi.