Dorina Ba Ta Fito Ba

Mu goma sha ɗaya ne a jirgin Bahitu,
ƙaramin jirgi mai rumfar tamfol,
injinsa na tari kamar tsoho mai shan taba.
Daga gaɓar Rusairis muka tashi,
rana ba ta gama wanke ido ba,
ƙamshin jabana na bin mu har tsakiyar ruwa.

Kuɗin mutum biyu na biya, ni da Kawu Mantau.
Wata shida bai taka ƙofar gida ba,
na ce ya zo ya sha iska.
Ya tattare jallabiya, ya zauna can baya
kusa da jarkar mai, bai ce uffan ba.

Kogi ya kai mu cikin kurmin bagaruwa,
itatuwa tsaye a ruwa har ƙugu
kamar masu wanki da aka kira suka ƙi waiwayowa.
Duhu-duhu, warin laka, ruɓaɓɓen ganye.
Bahitu ya kashe inji, ya ɗauki gora,
ya ɗora yatsa a baki.

Ashe shirun daji ba shiru ba ne.
Wani abu na fito, wani na ƙwanƙwasa,
wani na dariya can sama, ban san da wa yake ba.
Zalɓe a kan ƙafa ɗaya,
haƙurin mai bin bashi.
Guza ya shanya cikinsa a reshe.
Birai suka taru suna kallonmu,
sai ka ce su suka biya kuɗin ganinmu.
Wani gungume a bakin gaɓa ya ƙifta ido,
yaron da ke gabana ya saki burodinsa a ruwa.

"To ina dorinar?" in ji likita 'yar Madani,
kyamara rataye a wuyanta.
Bahitu ya ce jiya ta fito, wallahi,
shekaranjiya ma har da ɗanta.
Dorinar mai jirgi kullum jiya take fitowa.

Da muka fita sarari, ruwa ya buɗe, ba iyaka,
sai na ji murya daga baya: "Tsaya nan."
Da Hausa ya faɗa, sannan ya maimaita da Larabci.
Ya nuna wani busasshen reshe da ya leƙo,
kwasakwasa biyu zaune a kai.

"Tsamiyar kasuwarmu ce.
Nan ƙasa masallaci yake, hagu kaɗan.
Can dutsen niƙan Inna, ya fi ƙarfin jaki, muka bar shi.
Akwai rijiya ma. Rijiya cikin ruwa, ka ji abin dariya.
A nan aka yaye uwarka,
ta kwana uku tana kuka, har maƙwabta suka kawo ƙara."

Ya sunkuya ya kamfaci ruwa,
ya shafa a fuska kamar mai alwala.
Likita ta sauke kyamara.
Ba wanda ya san inda zai ajiye idonsa.

A lokacin ne wani abu ya hura hanci a bayanmu,
numfashi mai nauyin buhu goma.
Kafin mu juya ya nutse,
sai zobban ruwa suna faɗi, suna faɗi,
har suka zo suka taɓa jirgi.

"Ita ce," in ji Kawu. "Tun da can ba ta son baƙi."
Ya yi dariya har da tari,
na ga giɓinsa da na manta yana da shi.

A hanyar dawowa yaro na ta kuka bai ga dorina ba,
Bahitu ya ce ya dawo gobe, rabin kuɗi.
Da dare na duba hotunan wayata:
zalɓe ya gauraye da haze, wutsiyar biri,
sai hannu guda, jiƙaƙƙe, riƙe da gefen jirgi.

Wanda ya raɗa masa Mantau
bai san ruwa zai zo ba.