Awa Ashirin da Ɗaya

A bakin Montevideo, inda bas ke juyawa,
ƙungiya ta samo mana fili da rancen siminti,
da wani injiniya mai yawan tari, Aníbal,
wanda bai karɓi ko sisi ba.
Ya ce sauran guminku ne,
awa ashirin da ɗaya duk mako.

Ni Nélida, mai wanki a asibiti,
na riƙe cokalin gini da hannun da sabulu ya cinye.
Ba wanda ya san ɗakin da zai zama nasa,
shi ya sa kowane bango
tsakani da Allah muka ɗora shi.

Ranar ƙuri'a na ciro lamba tara.
Bulon ƙarƙashin taga ya ɗan karkace.
Na gane shi.
Aikina ne, ran da aka wuni ana ruwa.