Ɓawon Albasa

Ni na jawo wa kaina.
Maƙeranta sun yanka wa ƙwaƙwalwar iyakar gudunta,
ni kuwa na lallaɓa cikinta da tsakar dare,
na ɗaga iyakar, na ƙara mata wuta,
kamar mai tura itace ƙarƙashin tukunyar da ta riga ta tafasa.

Kwana uku na yi ina jin kaina.
Zanen gadar da malami ya ba mu,
wanda da sai in je isha'i in dawo yana nan yana juyi,
yanzu kafin in kurkure baki ya fito.

Sai bazara ta sauka a Aliero.
Kwanon ɗakina ya fara ƙas-ƙas tun hantsi.
Ma'auni ya ce tamanin da takwas.
Ya ce casa'in da huɗu.
Bai ƙara cewa komai ba, allo ya yi shuɗi,
ya tafi da aikin mako biyu a bakinsa.

Na kwance murfin gefe, na juya mata fankar ɗaki,
ina jiƙa tabarma da gumi, tana shan iska kamar baƙuwa.
Na kankare tsohon man da ya bushe ya zama ƙanzo,
na ɗiga sabo, daidai ƙwayar wake.
Digiri huɗu ta rage.
Huɗu kacal, sadakar marowaci.

A haka Kawu Nomau ya same ni,
ya zo in karanta masa saƙon dillalinsa na Kudu.
Warin gona na biye da shi.
Bai san boko ba, bai tambayi sunan komai ba.
Ya durƙusa, ya kai tafin hannu gaban akwatin,
ya kai bayansa, ya jima.

Ya ce, "Ina iska ka shiga?"
Na nuna masa fankoki uku, ina taƙama.
Ya ce, "To ina ta ka hita?"

Na yi shiru.
Ashe duk ukun ciki suke hurawa,
kamar 'yan gaisuwa da suka cika zaure,
kowa na shigowa, ba mai tashi.

Ya ce, "Ɗana, ba rana ka kashe albasa ba,
lumfashinta ka dafa ta.
Shi ya sa muke ɗage rudu daga ƙasa,
mu bar ma zafi hanya bisa.
Zafi ba ya son zama, ƙofa yake biɗa."

Ran kasuwa na hau mota zuwa Jega,
na sayo fanka ta huɗu wurin Tukur mai kayan wuta,
bayan mun yi ciniki har ya rantse sau biyu.
Biyu na sa a gaba, su jawo.
Ɗaya a baya, ɗaya a rufi, su kora.
Wayoyin da suka yi saƙar gizo a tsakiya
na tattara su, na ɗaure kamar damin gero, na kwantar a gefe.
Na raba akwatin da bango taƙi guda,
na aza shi kan bulo biyu,
na mayar da murfin, domin iska ma sai da hanya take tafiya.

Kawu ya dawo da la'asar.
Ya laluba aljihu ya fito da ɓawon albasa, ja, siriri.
Ya sake shi a gaba, ya manne da raga.
Ya sake shi a baya, ya tashi sama,
ya yi rawa, ya faɗa cikin kofin shayina.

Saba'in da ɗaya.
Na ɗora mata gadar, da ginshiƙanta, da kogin da ke ƙasa.
Saba'in da uku. Ta tsaya a nan.

Bai dubi lambar ba.
Ya kaɗe gwiwa, ya ɗauki wayarsa,
a bakin ƙofa ya juyo ya dubi ɗakin,
taga ɗaya, ita ma na toshe ta da kwali,
ya dube ni, rigata ta manne da baya.

Ya ce, "Ita dai ta samu lahiya.
Saura kai."