Milimita Huɗu

Shekara ashirin ina faci a bakin titin Gujungu.
Na san tub tun bai fashe ba:
wuri guda yake yin laushi,
ya turo ciki kamar maruru,
sai in ce da mai babur, sauka malam,
wannan ba zai kai ka Ringim ba.

Yau ga shi an mayar mini da maganata.
Likita ta juyo allo, ta ɗora bakin biro:
ga jijiyar jini ta yi rassa kamar saiwar dawa,
ga wani ɗan kumburi a mararrabar,
bai kai ƙwayar wake ba.
Milimita huɗu, in ji ta.
Ba za mu taɓa shi ba tukuna, ido za mu sa masa.

Ashe sa ido ma da tsada.
Duk wata shida buhun riɗi ya fita daga ɗaki,
ni da Hansatu mu bi motar asuba zuwa Kano.
In tuɓe zobe, in ajiye makullin shago,
a tura ni bakin na'urar nan,
ta yi ta ƙwanƙwasa kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa.
Kada ka motsa, Malam Barau.
Ni da ko a kujerar wanzami ba na zama lafiya.

Da damina, huɗu.
Da rani, huɗu.
Bara aka jera hotunan biyu, ta daɗe tana dubawa,
ta ce huɗu da rabi.
Rabin nan, kaurin farce,
shi ya hana Hansatu barci har kiran assalatu.

Na bar taba. Miya ta koma lami.
Ƙwayar hawan jini na kusa da buta.
Tayar babbar mota kuwa Ɗanjuma ke ɗagawa,
ni nawa nuni da baki.

Wani lokaci in na tsoma tub a baho
ina jiran kumfa ta tona asirin huji,
sai in taɓa bayan kunnena na dama.
Shiru. Ba ciwo, ba alama.

A bangon shago, ƙasan sunayen masu bashi,
na rubuta da gawayi: sha biyu ga watan gobe.
Jiya wani direba ya karanta, ya ce,
wannan kuma nawa kake bin sa?